Tantabaru Biyu, Mutum Uku

Ga ta nan, ku riƙe ta da kyau, don sau ɗaya zan faɗa. Mai waya a hannu ya kifa ta. In na gama akwai tambaya, kuma ba mai tashi sai ya amsa.

A Ƙaura Namoda an yi wani tsoho, Baba Nomau. Ma'aikacin jirgin ƙasa ne a da, shi ke ɗaga tuta in jirgi zai shigo tasha. Da ya ajiye aiki sai gwiwoyi suka ƙi shi. Masallacin ƙofar gida ma da sanda yake zuwa. Ban da matarsa Tabawa, abu biyu suka rage masa: tantabarunsa da zaurensa.

Zauren nan ba ginin ƙasa ba ne, a intanet yake. Wani kamfani ne ke ba mutane fili su buɗe dandalin hira. Wani mai shagon kwamfuta ya nuna wa tsohon yadda ake yi, ya buɗe nasa, ya sa masa suna Zauren Masu Tantabaru. Shekara goma sha ɗaya ana yi. Mutum ɗari shida da 'yan kai, daga Sakkwato har Yola, har da na Maraɗi. Nan ake tambayar yadda za a yi in ɗan shila ya ƙi ci, nan ake sa hoton sabuwar ƙyanƙyasa, nan ake cika baki. Baba Nomau na idar da sallar asuba sai ya buɗe waya, ya ga wa ya zagi wa, ya raba faɗa, sannan ya sha koko.

Babbar dokar zauren ɗaya ce: ba suna, ba gari, ba lambar waya. Kowa da laƙabinsa. Saƙon sirri ma tun farko ya toshe shi. Ku da ba ku kiwo za ku ce wauta ce. Ba wauta ba ce. A wurin mutanen nan, tantabarar da ta sauka a rufinka ka kama, taka ce. In mutum ya san gidanka, sai ya zo unguwarku wurin wani abokinsa, ya saki tasa mace mai kyau da la'asar, ta janye maka namijin da ka shekara kana tattali. An sha yi. Shi ya sa mutum zai gaya wa zaure matarsa ba lafiya, ya gaya musu an kore shi daga aiki, amma ba zai faɗi sunan unguwarsu ba. Shi kansa Baba Nomau, Mai Tuta aka sani.

Mai Tuta kuwa na da abin da kowa ke haɗiyar yawu a kai. Wasu tantabaru biyu ne, miji da mata, farare fat, da tukku a ka, da gashi har yatsu kamar sun sa safa, wutsiya kuma baƙa wuluk. Shekara talatin yana haɗa wannan da waccan kafin irin ya fito. Bara ciwo ya shiga ɗakin tantabarun ya share sauran, su biyun suka rage. 'Yan zaure na kiran su 'Yan Tuta. Kowa ya san hotonsu, ba wanda ya taɓa ganin su da ido.

Wata Litinin da safe ya buɗe waya, ya tarar da sanarwa a saman shafi. Kamfanin ya ce ya daina wannan harka. Ranar Laraba da azahar za a hana rubutu, sai dai karatu. Litinin ta sama a rufe, a goge komai.

Kwana biyu da rabi ke nan aka ba su. Ku ji abin da suka yi da shi. Wasu suka yi ta tsine wa kamfanin, kamar yana jin Hausa. Wasu suka ce laifin mutanen Kano ne, mutanen Kano suka ce a kawo hujja, aka kwashe yini guda a kan wannan. Wasu suka shiga neman gafara, kowa ya yafe wa kowa, har da wanda ba a yi wa komai ba. Wani ya ce shi da ma zauren ya ishe shi, gara da aka rufe, sannan ya ƙara rubutu arba'in kafin magariba. Wani kuma ya ce tunda rabuwa ta zo zai faɗi gaskiya: shi bai taɓa mallakar tantabara ba, agwagi yake kiwo, hirar ce ke masa daɗi.

Ran Talata wani mai hankali ya rubuta lambar wayarsa, ya ce kowa ya sa tasa. Aka yi masa ca. "Ga ɓarawon tantabara ya fito fili!" Baba Nomau na gani, yatsansa ya yi abin da ya saba shekara goma sha ɗaya: ya goge lambar, ya ja wa mai ita kunne. Duk wanda ke shirin sa tasa ya fasa.

Sai ran Laraba da hantsi, yana watsa wa tantabaru gero, hankalinsa ya dawo. Ya zauna daɓas a kan turmi. Yanzu in an rufe, ina zai ga mutanensa? Ya jawo waya. Shi da yatsa ɗaya yake rubutu, kuma ba ya sauri. Ya rubuta cewa duk wanda ya dawo masa da zauren nan kamar yadda yake, da mutanensa da hirarsa, ya yi alwashi gaban Allah zai ba shi 'Yan Tuta, miji da mata. Ya tura. Ya soma rubuta lambarsa, ya kai rabi, ladan ya kira azahar. Ya danna, ya sake dannawa. An kulle.

Litinin ta zo aka goge komai.

Tsoho ya shiga wani hali. Da asuba ya buɗe waya, ba abin dubawa, ya rufe. Koko ya huce a kwano. Tabawa ta zuba masa ido kwana uku, ran na huɗu ta tanka.

"Malam, wayar ce ta mutu ko kai?"

"Ki bar ni, Tabawa."

"Mutum ɗari shida, ko ɗaya ba ka san ƙofar gidansa ba? To da wa kake hira duk shekarun nan, aljanu?"

"Doka ce."

"Wa ya kafa dokar?"

Ya kifa wayar. Ya ja sanda ya tafi wurin tantabaru.

An yi mako shida haka. Wata ranar Alhamis bayan la'asar, babbar mota ta tsaya a bakin layi. Wani ƙaton mutum ya sauko da takarda a hannu, yana kallon sama, yana bin tantabarun da ke shawagi, har ya tsaya a ƙofar gidan.

"Salamu alaikum. Nan ne gidan Mai Tuta?"

Baba Nomau ya damƙe sanda. Ya waiwaya cikin gida ya ce, "Tabawa, rufe ɗakin tsuntsaye!"

Baƙon ya durƙusa. "Baba, ni ne Kwana-Hanya na zaure. Sunana Ilu, direba ne. Gidana na Malumfashi, bayan tashar mota, ƙofa shuɗiya. Tantabaruna ashirin da huɗu, kuma ba kare a gidan. Na faɗi nawa kafin ka tambaya."

"Wa ya nuna maka gidana?"

"Kai, Baba."

Ya miƙa masa takardar. Hoton 'Yan Tuta ne a kan katanga, wanda tsohon ya sa a zaure shekara huɗu da suka wuce. Ilu ya ɗora yatsa a gefen hoton. Can bayan wutsiyar namijin, ga tsohon tankin ruwan jirgi na tashar Ƙaura ya leƙo.

Baba Nomau ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Hm." Sannan ya ce a kawo tabarma da ruwa. A kan tabarmar nan ya ji abin da ya faru.

Ashe mutum uku ne suka dawo da zauren. Ta farko mace ce. A zaure Alƙalami ake kiran ta, don ba ta manta abin da kowa ya faɗa. In ka musa sai ta kawo maka rana da wata. Kowa Malam Alƙalami yake cewa, ba ta taɓa gyara wa kowa ba. Ashe sunanta Sa'ade, tana da shagon buga takardu a Funtuwa kusa da kotu, da tantabaru shida a bayan shagon. Ranar da sanarwa ta fito, ana can ana tsinuwa da yafiya, ita ta ja ƙofar shago ta rufe. Masu kawo aiki suka yi ta ƙwanƙwasawa har suka gaji suka koma shagon maƙwabcinta. Kwana bakwai, daga safe har magariba, tana kwafe zauren shafi bayan shafi, hoto bayan hoto. Wuta ta ɗauke ta tayar da janareta. Wuyan hannunta ya kumbura ta ɗaure da tsumma ta ci gaba. Ba ta zaɓi mai amfani ta bar shirme ba; har faɗan da aka yi wata uku a kan ko tantabara na gane ubangidanta, ta kwashe. Shafin ƙarshe ta kwafe shi saura sa'a ɗaya a goge. Ta nemi wani fili, ta sake gina zauren, kowane ɗaki a inda yake, kowane laƙabi da rubutunsa. Sai dai kafin ta samu filin an riga an hana rubutu a tsohon, ba ta da hanyar gaya wa kowa adireshin. Ga zaure an share, an shimfiɗa tabarmi, ita kaɗai a ciki.

Na biyu shi ne Ilu Kwana-Hanya. Shekara ashirin yana jan mota, ba garin da bai sani ba a ƙasar Hausa. Masu tantabara in suna ɗaukar hoto tsuntsun suke kallo, ba sa kallon bayansa. Shi kuwa bayan yake kallo. Wannan hasumiyar masallacin gari kaza ce, wancan dutsen Kwatarkwashi ne, wannan jar ƙasar ba ta wuce yankin kaza ba. Ya daɗe da sanin inda rabin zaure yake, ya yi gum, don kada a kore shi. Da aka rufe, ya ce in akwai mai sauran wani abu a hannu to Malam Alƙalami ne. Ya bi gefen wani allon shago da ya taɓa gani a hoto har Funtuwa, ya yi sallama ya ce a yi masa magana da maigidan. Sa'ade ta ce maigidan ne ke gabanka. Ilu ya ce wallahi kunya ta kama shi, don ya tuna sau biyu ya taɓa ce wa Alƙalami ya fito su dambace. Ta buga masa hotuna cike da kwali, da ƙananan takardu masu adireshin sabon zaure. Tun daga ranar ya riƙa karɓar kayan da direbobi ke gudu, muddin hanyar za ta bi garin da yake nema. In ya isa sai ya aje mota, ya nemo unguwar da hoto, ya jira la'asar a saki tantabaru, ya gane su a sama, ya bi su har rufin da suka sauka. A kowace ƙofa sai ya fara faɗin sunansa da gidansa, yadda ya yi wa Baba Nomau. A wani gida an sakar masa kare. A wani an watsa masa ruwan wanke-wanke. A Gumel sai da aka kai shi gaban mai unguwa. Gida ɗari da talatin ya shiga, har na mai agwagin nan.

Baba Nomau ya karɓi 'yar takardarsa. Ilu na tafiya, tsohon ya shiga sabon zauren. Ga zaurensa, komai a wurinsa, har alwashinsa na ƙarshe. Sa'ade ta mayar masa da ragamar zauren. Ya ci tuwo malmala biyu ranar.

Amma murna ta koma ciki. Ƙasan shafi na nuna mutum ɗari da wani abu sun shigo, kullum suna shigowa, ba mai cewa uffan. Kowa ya tsargu. An san gidansa, kuma bai san wa da wa suka sani ba. Baba Nomau ya rubuta sallama da maraba. Shiru. Sa'ade ta sa hoton 'yan shilarta. Shiru. Ilu ya rantse bai gaya wa kowa gidan kowa ba. Mutum ɗaya ya ce madalla, ya goge. Kwana goma sha biyu. Koko ya koma hucewa a kwano.

To, na uku. A tsohon zaure akwai wani Barkono. Ba wanda ya kai shi sanin tantabara, shekara goma sha ɗaya ba a taɓa kama shi da kuskure ba, kuma da wannan yake taƙama. Ba wanda ya kai shi baƙar magana. Sau uku Baba Nomau na korar sa na wata guda-guda, kuma doka ta ce kora ta huɗu ba dawowa. Shi ma Ilu ya kai masa takarda. Ran kwana na goma sha uku da safe, Barkono ya yi rubutu mai tsawo. Ya ce ya gode Allah da zaure ya yi shiru, don da ma ba mai abin faɗa. Ya ce tantabarun Kano farfesu kawai suka dace da shi. Na Sakkwato ragwaye ne, sai an jefe su suke tashi. Na Katsina ado ne ba ƙwai. Ya bi mutane da laƙabi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya taɓa shi daidai inda ke masa ciwo. Ya ce 'Yan Tuta ba wani iri ba ne, tsintattu ne daga rufin sito, wutsiyar kuma shuni aka shafa. Sannan a ƙarshe ya ce, don ya ilimantar da jahilai, tantabara kwana talatin take kwanci kafin ta ƙyanƙyashe.

Talatin! Wanda ya fara kiwo jiya ma ya san kwana sha bakwai ne zuwa sha takwas.

Kafin hantsi mutum sittin sun rubuta. Kafin azahar ɗari. Mutanen da suka shekara goma suna jiran ranar da za su kama Barkono da kuskure suka fito har da tuntuɓe. Mutanen Kano suka sa hotuna, na Sakkwato suka ce a zo a gwada tashi. Mai agwagi ya ce ko shi ya san ba talatin ba ne. Labari ya kai kasuwannin tsuntsaye cewa Barkono ya kwafsa, waɗanda Ilu bai samu gidajensu ba suka yi ta roƙon adireshi. Baba Nomau kuwa, da ya karanta maganar shuni, sai ya harzuƙa. Ya kori Barkono kora ta huɗu. Zaure ya sake rabuwa biyu, ko korar ta yi daidai ko ba ta yi ba, aka kwashe mako a kai.

Yana cikin raba wannan faɗan wata safiya, Tabawa ta zo ɗaukar kwano ta tarar ya shanye kokon tas, yana ta huci yana danna waya.

"Malam, aljanun naka sun dawo ke nan?"

Ya ɗaga kai. Ya dubi kwano, ya dubi waya. Sai ya fashe da dariya har da tari.

Alwashi dai alwashi ne. Ya aika Ilu ya ɗauko sauran biyun, suka haɗu a gidansa wata Asabar. Sa'ade ta zo da tsarabar gero. Bayanta wani ɗan siririn dattijo ya shigo, ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa, muryarsa ƙasa-ƙasa sai an kasa kunne. Sunansa Jatau, mai gyaran agogo a Azare.

Baba Nomau ya dube shi sama da ƙasa. "Kai ne Barkono?"

"Ni ne, Baba. A gafarce ni."

"Kwana nawa tantabara ke kwanci?"

"Sha takwas, Baba. Wani lokaci sha bakwai."

"To me ya kai ka?"

"Na ga ana ta sallama ba mai amsawa. Mutanen nan ba gaisuwa ce ta tara su ba, musu ne. Na san za ka kore ni. Na san har in mutu Malam Talatin za a riƙa ce mini. Na ce gara a yi zauren ba ni, da a ce ina ciki ba zaure."

"Da maganar shuni?"

Jatau ya sunkuyar da kai. "Kai ma sai da aka taɓa ka, Baba. Ka faye sallama."

Tabawa ta tuntsire da dariya daga bakin madafi. A nan take tsoho ya janye korar. Ya ce a fito da keji. Aka ajiye 'Yan Tuta a tsakar gida, rana ta haske su. Baƙin nan uku suka matso kusa. Jatau ya miƙa yatsa ya shafa wutsiyar namijin, ya duba yatsan, ya ce, "Ba shuni." Idonsa ya kawo ruwa. Kowannensu na so, ba wanda ya ɓoye.

Baba Nomau ya dafa kejin ya rasa wa zai tura wa. Da Sa'ade ba ta kwafe ba, da ba zaure, ba hoton da Ilu zai bi, ba wurin da Jatau zai yi tsiyarsa. Da Ilu bai bi gari-gari ba, da Sa'ade na nan ita kaɗai a kan tabarma, Jatau na can Azare yana zagin agogo. Da Jatau bai zubar da girmansa ba, da ga gini ga mutane, amma shiru kamar ana zaman makoki, shi kuwa tsoho cewa ya yi da mutanensa da hirarsa.

Na ga bakin wasunku na motsi. Kada wanda ya ce a raba. Ba a raba miji da mata a tantabaru, in ka raba ka kashe irin. Kada wanda ya ce a jira su yi ƙwai. Alwashin a kan waɗannan biyun aka yi shi, kuma ko an jira, tantabara ƙwai biyu take yi, ba uku ba. Ƙuri'a ma an gwada a zaure, aka rabu gida uku, har yau ana musu, tsohon na raba faɗa yana shan koko.

Keji na nan a tsakar gida, baƙi uku na zaune, Ilu na son kama hanya kafin rana ta yi sanyi. To, ku da kuka ji: tsakanin Sa'ade da ta ceci zauren, da Ilu da ya nemo mutanen, da Jatau da ya buɗe musu baki, wa Baba Nomau zai miƙa wa 'Yan Tuta?